Famfo Mai Tauna Tsakuwa

Tutzor, 8 ga Yuni

Zuwa ga kawuna, Tago Daulatyor,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kuna lafiya, ku da iyali. Ya kunnen? Da kuna iya jin waya da ban ɗora wa Kurbon direba wahalar takarda ba. Mu nan lafiya lau, sai Bibi da ta rage cin abinci tun narkewar ƙanƙara. Mahaifiyarku ce, kun san halinta. In na kai mata shayi da madara da gishiri, ta tsoma burodi sau biyu ta ture kwanon. Maigidana Nazarsho ya aiko saƙo daga Rasha, bana ma aikin gini bai sake shi ba.

Famfon da kuka aiko ya iso, Allah ya saka muku da alheri. Kun dai san halin da muke ciki tun da dutse ya zaftare ya binne magudanar da ke kawo mana ruwa daga sama. An ce gyaranta sai an yi shekara biyu. An kuma ce idan gonakinmu suka bushe bana, kafin sanyi za a kwashe gidajen nan bakwai a kai mu ƙasar auduga. Bibi ta ce sai dai a ɗauki gawarta. Ita da gonarta ce ta can ƙarshe, sama da ta kowa!

Da yake mazan duk sun tafi ci-rani, ni aka danƙa wa famfon, wai ni ce malamar makaranta. Tsoho Sabzali mai rabon ruwa ya ce kada a kuskura a ajiye shi bakin kogi, don in Yuli ta kama ruwa zai yi gaba da shi. Sai muka ɗora shi kan falalen da mata ke shanya tut, 'ya'yan itacen nan masu zaƙi da muke niƙawa gari, kusan tsayin mutum huɗu sama da ruwa, muka zura masa dogon bututu.

Tago, da kun ga ranar! Ruwa ya hau dutse da ƙafarsa. Na bi shi gida gida, yana tafe yana tura busasshen ganye a gabansa, har ya shiga ƙarƙashin bishiyar tut ɗin ƙofarmu ya kwanta. Na tsaya ina kallon sama a cikinsa, da gajimare guda ɗaya, har na manta na bar tukunya a wuta.

Abu ɗaya ne. Yana wata ƙara, ƙurus-ƙurus, kamar yana tauna tsakuwa, kuma yana rawar jiki. Sabzali ya ce yashin kogi ne ke shiga, ya kawo rariyar garin matarsa ya ɗaure a bakin bututun. Yanzu matar ba ta yi masa magana. Haka yake yi a wurinku?

'Yarku,
Mohbegim

Tashar famfo, bakin kogin Sir, 19 ga Yuni

Mohbegim, 'yar ƙanwata,

Na samu takardarki, na ji daɗin lafiyarku. Kunne yana nan yadda kika san shi. Shekara talatin da ɗaya cikin ɗakin injuna, me ya rage? Yanzu da tafin hannu nake sauraron famfo. Ki gaida Oca, Bibinki, ki ce mata ɗanta ya ce ta ci abinci.

To, ki ajiye murna ki saurare ni. Tsayin mutum huɗu? Wayyo kaina! Laifina ne da ban rubuto ba, na manta inda aka haife ni. A nan ƙasa famfon nan zai iya jure wannan, da ƙyar. A wurinku ba zai iya ba. Ki ce wa Sabzali babu ƙwayar yashi ɗaya a cikinsa, ya mayar wa baiwar Allah rariyarta su shirya.

Bari in gaya miki da harshen madafa. Kin san a Tutzor tukunya tana saurin tafasa amma nama ya ƙi nuna. Iskar dutse ce ba ta da nauyi. Shi kuwa famfo ba ƙarfinsa ke ɗaga ruwa daga kogi ba, wuri kawai yake buɗewa, nauyin iska ya danna ruwan ya hau bututu. Ku iskarku ba ta da wannan ƙarfin, ga shi kun kai shi sama, kun kuma toshe masa baki. Sai ya yi ta zuƙa ruwa bai ishe shi ba, har ruwan ya tafasa a cikinsa alhali da sanyinsa ƙarara. Ƙananan kumfa su taso, dubbai, su isa kan farfela, fankar da ke juyawa a ciki, su fashe. Kowace ɗaya in ta fashe sai ta ɗauke ɗan ƙarfe da ido ba ya gani. Wannan ita ce ƙarar da kike ji. Ba tsakuwa yake ci ba, shi ake ci.

Na taɓa buɗe wani babba a nan da ya yi damina ɗaya a haka. Farfela ta tagulla mai kaurin hannuna, na ɗaga ta sama, rana ta zubo ta cikinta ta yi mini ɗigo-ɗigo a riga. Na daɗe a tsaye. Kumfa fa, Mohbegim, abin da yaro ke hurewa da baki.

Ga abin da za ki yi. Ki cire rariyar yau. Ki sauko da famfon kusa da ruwa, in da hali ma ya fi ruwan ƙasa. Ki yanke bututun shiga ya zama gajere. Kafin nan ki ɗan rufe bawul ɗin fita, wato makullin inda ruwa ke fita, ruwan zai ragu amma ƙarar za ta lafa. Kada ki taɓa na shiga.

Farfelar nan ita kaɗai ce. Tsohon ƙira ne, an daina yin sa, na tone duk tarkacen tashar nan ban samu ta biyu ba. A yadda kika kwatanta, ba ta wuce kwana arba'in. In ta cinye ba tsayawa famfon zai yi ba, ƙarfin hawa zai rasa, gonar da ta fi nisa sama ita za ta fara rasa ruwa. Kin san ko ta wa ce.

Kawunki,
Daulatyor

Tutzor, 23 ga Yuni

Tagojon,

Ina gaisuwa. Har yau ban ga amsarku ba, an ce laka ta rufe hanya a mashigar dutse, motoci sun yi layi. Amma ba zan iya riƙe labarin nan ba, zan ba duk wanda ya fara wucewa.

Bibi tana cin abinci!

Ga yadda aka yi. Ranar Talata da hantsi na fito da ita ƙofar gida ta sha rana. Iska ta juyo daga kogi ta kawo ƙarar famfon. Sai na ga ta karkata kai. Idon dai kun san ya tafi, amma kunnenta ya fi nawa. Ta ce, "Mohbegim, yaushe Oshur ya buɗe ruwa?"

Na ce, "Wane Oshur, Bibi?"

Ta ce, "Ji min yarinya. Kakanki mana! Ba ki jin dutsen niƙansa? Tut yake niƙawa, ba alkama ba, ji yadda yake kamawa yana saki."

Na buɗe baki in ce mata kakana Bobo ya shekara goma sha huɗu a ƙasa, ɗakin niƙansa da ruwan kogi ke juya wa dutse kuma tsuntsaye ne a ciki. Sai ta ce, "Kawo min shayin nan, mutum yana aiki ni ina kwance kamar kyanwa." Ta shanye tas, ta ce a ƙara.

Tun ranar kullum tana ƙofa daga hantsi har inuwar dutse ta rufe mu. Ta sa na tsefe mata kai na yi mata kitso biyu da jan zare. Tana ba ni labarin ranar da aka kawo ta Tutzor a kan jaki, tut yana zuba mata a cinya, Bobo yana gaba fari fat da gari har gira, ya kasa ɗaga ido ya dube ta. Wani lokaci takan yi murmushi, leɓenta na motsi. Ni ma, wallahi, in na zauna kusa da ita na lumshe ido, sai in ji ƙamshin garin, in ga ƙurarsa tana yawo cikin hasken da ke saukowa ta tagar rufi. Ban taɓa jin daɗin kwanaki irin waɗannan ba tun rasuwar mahaifiyata.

Ƙarar ta ƙaru kuwa. Sabzali ya ce rariya ba ta isa ba, ya ƙara naɗe ta da tsohon rawaninsa. Ruwan ya ɗan ragu, amma yana isowa.

Mohbegim

Tashar famfo, 7 ga Yuli

Mohbegim,

Muna lafiya. Takardarki ta ashirin da uku ta zo, na karanta ta sau uku, sau biyu ina zagin Sabzali. Rawani! Me ya hana shi cusa bargo da katifa? Ki ce masa ni Daulatyor na ce tun muna yara kansa bai taɓa ɗaukar abin da ya fi hula ba.

Kurbon ya rantse mini ya danƙa miki takardata hannu da hannu ranar talatin ga wata. Yau kwana bakwai. Ya dawo jiya, na tambaye shi, ya ce famfon yana nan kan falale yana ihu har daga titi ana ji. Me ke nan? Ko maganar tsohon kurma ce ba ta da nauyi? Ko kuwa karatun naki bai kai na bakanike ba?

Batun Oca na ji. Tsufa ne. Kada ki biye mata, ita ba ta san ƙarfe ba.

In tsoron ambaliya ne ya hana ku, ga wuri: ɗakin niƙan Baba. Bangonsa dutse ne, kogi bai taɓa shigarsa ba ko a shekarar da ya cinye gada. Ramin ƙasa inda ƙafar niƙan ke juyawa ya fi bakin ruwa zurfi. Ku share tsohuwar hanyar ruwansa, ku fitar da duwatsun niƙan, ku zaunar da famfon a ramin, ruwa ya riƙa zuwar masa da kansa. Aikin yini biyu ne in kun haɗu.

Ki lissafa kwanakin da kanki.

Daulatyor

Tutzor, 19 ga Yuli

Tago,

Ina gaishe ku, in kuna amsa gaisuwata. Bibi lafiyarta ƙalau, ta yi kumatu. Ni ce ba lafiya, kuma ba ciwon jiki ba ne.

Kurbon bai yi ƙarya ba. Ya ba ni takardarku ranar talatin. Na karanta ta a bakin titi, na gane kowace kalma. A ranar na sauka na kwance rawanin da rariyar, na ce wa Sabzali ku kuka ce. Na kama bawul ɗin fita na fara juyawa, ƙarar ta fara lafawa kamar yadda kuka faɗa. Sai na ɗaga kai. Daga falalen ana hango ƙofarmu, na ga ɗan farin ɗankwalin Bibi. Na ga ta miƙe tsaye, ita da sai an ɗaga ta, tana lalube da sanda. Na mayar da bawul ɗin yadda yake.

Sauran maganar, ta a sauko da shi, ban gaya wa kowa ba. Na sa takardar cikin littafin rajistar ɗalibai. Kullum in ce gobe. In ce farfela ƙarfe ce, kwana ɗaya ba zai kashe ta ba. Haka har kwana goma sha takwas.

Da takardarku ta biyu ta zo na ji haushinku ƙwarai. "Tsufa ne, kada ki biye mata." Shekara tara ba ku tako Tutzor ba, ba ku ga yadda take juya fuska ga bango ba, ba ku ne kuke kwashe kwanon da ba a taɓa ba. Na ce a raina mutumin nan ƙarfe ya cinye masa zuciya tare da kunne. Na rubuta muku wata takarda mai zafi, Allah ya taimake ni na sa ta a murhu.

Shekaranjiya ruwa bai iso gonarmu ba. Na bi magudanar na same shi ya tsaya wajen katangar su Gulazor maƙwabciyarmu, taku ashirin ƙasa da mu, yana ta taruwa yana komawa. Na zauna a wurin na yi kuka.

Jiya na tara gidajen shida a ƙofar Sabzali na karanta musu takardunku biyu da ƙarfi, har da maganar hular. Ba wanda ya yi dariya. Gulazor ta ce, "Wato ke kin san ruwan 'ya'yanmu ake ci, kika yi shiru?" Na ce na sani. Ta ce, "Malamar makaranta!" ta tofar da yawu ta juya. Ban ga laifinta ba. Sabzali ya daɗe yana tsefe gemu, sannan ya ce gobe kowa ya fito da igiya da shebur.

Ina jin tsoro, Tago. Tsoron abin da za mu gani in an buɗe, da tsoron abin da zan ce wa Bibi.

Mohbegim

Tashar famfo, 27 ga Yuli

'Yata Mohbegim,

Ina amsa gaisuwarki, har da wadda kika sa a murhu.

Ba ki karanta ni daidai ba, ni ma ban rubuta daidai ba. Da na ce kada ki biye mata, kaina nake ja wa kunne. Ranar da na karanta labarin kitso da jan zare, na shiga ɗakin injuna na sami famfo na huɗu, wanda ke da irin wannan ciwon in kogi ya ja baya, na kifa goshina a jikinsa. Ta ƙashi nake ji yanzu. Wallahi shi ne, dutsen Baba ne sak. Na ga kaina ina ɗan shekara shida a kan buhu, ƙafata ba ta kai ƙasa, yana miƙo mini gari a tafin hannu in lasa. Sai da abokin aikina ya girgiza ni, ya ɗauka suma na yi.

Da ni ne a kan falalen nan, ban san abin da hannuna zai yi da bawul ɗin ba. Wannan ita ce gaskiya. Amma an ci ƙarfen, kuma ba ya dawowa.

Ki rubuto mini abin da kuka gani, kada ki rage komai.

Kawunki

Tutzor, 5 ga Agusta

Tagojon,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarku ta same ni jiya, na gode. Kowa lafiya. Ga abin da kuka tambaya, ban rage komai ba.

Yini uku muka yi, ba biyu ba. Mata goma sha ɗaya da tsofaffi uku. Muka share hanyar ruwan, muka mirgino duwatsun Bobo waje muka jingina su da bango. Kafin a sauke famfon Sabzali ya kwance murfin. Farfelar ta zama kamar saƙar zuma, gefen fukafukan duk ya zube, na sa yatsa wani wuri ya ɓurma. Sabzali ya juya ta, ya leƙa cikin gidan, ya shafa, bai samu ko ƙwayar yashi ba. Ya ce, "Kai! Ashe kurman nan ya yi gaskiya." Ya ce in gaya muku hular tasa tana gaishe ku.

A kwana ukun nan na ce wa Bibi an tsayar da ruwa ne ana gyara. Ba ƙarya na yi ba, amma ban cika gaskiyar ba.

Da muka tayar da shi a ramin, sai na ɗauka bai tashi ba. Wani ɗan gurnani kawai yake yi, a hankali, in ka fito ƙofar ɗakin ma kogi ya rufe shi. Na ɗora hannu, babu rawar jiki. Ruwa ya hau. Ya wuce gidan Sabzali, ya wuce na biyu, na uku, har na shida. A katangar su Gulazor ya tsaya, inda ya tsaya da. Nan ƙarfinsa ya ƙare, kuma na san ba zai ƙara ko taku ɗaya ba.

Gidaje shida sun tsira. Alkamarmu ta ƙone, dankalin ma haka. Bishiyoyi huɗu na ƙofa ina ɗebo musu da bokiti safe da yamma. Kun san gidan da ba shi da abincin sanyi ba a barinsa a Tutzor. Na fara duba abin da zai shiga akwati.

Rana ta huɗu na fito da Bibi ƙofa, na zauna kusa da ita, na ƙudura yau zan faɗa mata komai. Iska tana tasowa daga kogi, ba ta kawo komai ba. Ta karkata kai ta daɗe. Na ga hawaye ya bi ta gefen hancinta. Na ce, "Bibi," sai ta ɗaga mini hannu.

Ta ce, "Ya gama."

Na matso kusa da ita.

Ta ce, "Ya daɗe bai yi niƙa mai tsawo haka ba, ya gaji. To me kike jira? Ɗauki buhu ki je ki karɓo garin."

Tago, na ɗauki buhu na sauka. Ban san abin da nake yi ba. Na shiga ɗakin niƙan na tsaya kan famfon da buhu a hannu kamar wata sakarya. Sabzali yana wurin yana sa giris. Ya ce lafiya? Na gaya masa. Ya goge hannu, ya karɓi buhun ya yi gaba, ina binsa. Ya shiga gidansa ya ce wa matarsa ta kawo garin tut na bana. Ta zuba kwano biyu. Muka shiga gida na biyu, ya faɗi abin da Bibi ta ce, a taƙaice kawai, aka zuba. Haka muka yi ta hawa, buhun yana nauyi.

A gidan Gulazor na tsaya waje, kunya ta hana ni shiga. Ta fito da kanta da kwano, ta zuba ba ta dube ni ba. Ta ce, "Ba don ke ba." Ta koma ta ƙaro wani. Sannan ta ce wa Sabzali, "In an yi girbi a raba bakwai. Ba za a ce muna raye aka ɗora matar Oshur a bayan mota ba." Sabzali ya ce dama abin da ya zo faɗa ke nan, ta riga shi, kamar kullum.

Ba za mu tashi ba, Tago. Bana dai ba za mu tashi ba.

Na kai buhun gaban Bibi na buɗe mata baki. Ta zura hannu har wuyan hannu, ta ɗebo, ta murza tsakanin yatsu, ta kai hanci, ta ɗanɗana. Gari ne na turmi shida, kowanne da irin dakansa. Ta murza ta sake murzawa.

Ta ce, "Bai yi laushi kamar da ba. Kada ki gaya masa, zai ji kunya."

'Yarku,
Mohbegim